Zauren Tambaya da Amsa: Akwatin Kyautar Gwal da Azurfa, Tsakanin Ƙawa da Almubazzaranci

Wasiƙun da muka zaɓo a wannan fitowar duk sun zo ne daga 'yan'uwanmu mazauna Saudiyya, kuma duk sun taru a kan mazubin da ake miƙa kyautar gwal da azurfa a cikinsa: yadda zai yi kyau, ya kare abin da ke ciki, kuma kada ya ƙare a kwandon shara bayan kwana kaɗan.

TAMBAYA: Assalamu alaikum. Ni mazauniyar Jidda ce, kuma sana'ata ita ce shirya kayan lefe da naɗe kyaututtuka. Mutane sukan sayo saitin gwal ko na azurfa su kawo mini in shirya musu shi, wasu don biki, wasu don tsarabar komawa gida bayan aikin Hajji ko Umara. Akwatunan da nake sarowa suna da sheƙi ƙwarai, wasu har da 'yar fitila a ciki, amma bayan watanni sai fatar jikinsu ta fara ɓarewa, kuma na lura alhazai da yawa sukan cire gwal ɗin su bar akwatin a masauki saboda nauyin kaya. Abin yana damuna. Shin akwai hanyar yin mazubi na alfarma wanda ba zai zama shara ba, kuma mai ƙaramin jari irina zai iya? (Daga wata 'yar kasuwa, Jidda)

AMSA: Wa alaikumus salam. Hajiya, Allah ya sa albarka a sana'a. Akwai hanya, kuma mai ƙaramin jari ya fi babban kamfani saukin bin ta, domin shi ba ya da dubban akwatuna a sito da sai ya ƙarar da su kafin ya sauya.

Ina ba ki shawara ki ɗauki ɗaya daga cikin akwatunan da suka lalace ki farke shi da wuƙa, ki ga abin da ke ciki. Za ki tarar da kwali mai kauri ko roba mai tauri a matsayin ƙashin akwatin, an lulluɓe shi da fatar kanti, wadda a gaskiya robar poliyuritan ce aka shimfiɗa a kan yadi. A ciki akwai soso, a kan soson akwai karammiski na poliyesta, a bakin murfi akwai maganaɗisu ko ƙarfen maɓalli, a masu fitila kuma akwai batir da waya, sannan an haɗe su duka da gam mai ƙarfi. Matsalar tana nan. A Jidda akwai kamfanin takarda na MEPCO, wanda ke sarrafa tsofaffin kwalaye ya mayar da su sabuwar takardar kwali, amma irin wannan masana'anta kwali tsantsa take bukata, kuma babu mai tsince shara da zai zauna ya ɓamɓare soso da maganaɗisu daga ɗan akwatin zobe. Saboda haka akwatin da kusan rabinsa takarda ce yakan tafi juji gaba ɗayansa, har da batirin da bai kamata a binne shi tare da sauran shara ba.

Ɓarewar da kike gani kuwa ba daga rashin kulawar masu saye ba ne. Robar poliyuritan tana ruɓewa a hankali idan zafi da laima suka haɗu a kanta, kuma duk wanda ya zauna a Jidda ya san irin danshin da iskar Bahar Maliya ke ɗauke da shi. Akwatin da zai yi shekaru a ƙasa mai sanyi, a nan yana iya fara sulɓewa tun amarya ba ta gama zagayen gaishe da dangi ba.

Abin da nake ganin ya fi dacewa da ke shi ne ki raba abokan cinikinki gida biyu, domin bukatarsu ba ɗaya ba ce. Matafiyi, wanda ke lissafin kowane kilo a filin jirgi, ba akwati yake bukata ba. Abin da zai amfane shi 'yar jaka ce ta yadin auduga mai laushi, mai aljihu dabam-dabam, sarƙa a nata, 'yan kunne a nasu, zobe a nasa, wadda za a naɗe a ɗaure da igiya ta shige jakar hannu. Kowane tela mai tsabtar ɗinki zai yi miki ita daga ragowar shadda ko farin yadi, kuma idan aka yi mata ɗan aikin zare a baki, ko aka ɗinka harafin farko na sunan wadda za a ba, ta zama kyauta ta biyu. Irin wannan jaka takan zauna a hannun mace shekara da shekaru, tana tafiya da ita biki da suna, ba a mantawa da ita a ɗakin otal.

Na biki kuwa, inda za a buɗe kaya a gaban jama'a, yana bukatar akwati, amma akwatin da aka yi da abu ɗaya ko biyu da za a iya rabawa da hannu. Ki nemi maɗaba'a ta yi miki na kwali mai kauri, a lulluɓe shi da takarda mai launi wadda ba a shafe ta da leda ba, murfinsa ya zama mai ɗagawa ko mai zamewa irin na gidan ashana, don a huta da maganaɗisu da ƙarfe. A maimakon soso, a yanka kwali a naɗe shi ya riƙe sarƙar, ko a sa ɗan matashi na auduga wanda ba a manna shi ba. Idan kina son sanin ko an shafe takarda da leda, ki yage gefenta kaɗan: takarda tsantsa takan yage ta bar gashi-gashi a baki, mai leda kuwa sai ki ga wani siririn fata yana miƙewa yana ƙin tsinkewa. Sunan sana'arki ma ba sai an buga shi da ruwan gwal mai yawa ba. Ana iya danna shi a jikin takarda ya fito a tudu ba tare da tawada ba, kuma a ganina wannan ya fi nuna natsuwa da daraja fiye da ƙyalƙyali.

Idan maɗaba'ar ta ce takardarta daga dajin da ake kula da shi ta fito, ki nemi ganin tambarin FSC. Ƙungiya ce da aka kafa a 1993, hedikwatarta tana birnin Bon na Jamus, kuma tambarinta yana zuwa da lambar lasisi da ake iya bincikawa a intanet. Hoton ganye ko launin kore a jikin kwali ba shaida ba ne, kowa yana iya bugawa.

Akwai kuma abin da na fi so ki duba, wato aikin hannu na ƙasar da kike zaune. Saudiyya tana da bishiyar dabino fiye da miliyan 30, kuma a kowace shekara ana sassabe ganyenta. A Al-Ahsa, wadda hukumar UNESCO ta sa a jerin biranen sana'o'in hannu a 2015, mata suna saƙa wannan ganye su yi kwanduna da faifai da ƙananan mazubai masu murfi, sana'ar da ake kira khus. Duk Bahaushiyar da ta san adudu da faifan kaba ba za ta ga baƙon abu a nan ba. Ɗan mazubin ganyen dabino mai saƙa ƙanana, wanda aka shimfiɗa wa farar auduga a ciki don kada tsinin ganyen ya kama sarƙa, ba shi da nauyi, ba ya ɓarewa, kuma ga alhaji tsaraba ce ta ainihi daga ƙasar da ya ziyarta, saɓanin akwatin roba da aka yi a wata nahiya aka buga masa hoton Ka'aba. Kuɗin da kika biya kuma ya shiga hannun mai saƙa.

Game da jari, gaskiya ita ce kwali mai kyau da aikin hannu sukan fi akwatin sari tsada a kan kowane guda. Inda za ki rage shi ne a girma da yawa. Yawancin akwatunan kasuwa sun ninka abin da ke cikinsu girma, sannan ana ƙara musu jakar takarda da kintinkiri da takardar naɗi. Idan kika tsaya a kan girma biyu ko uku kacal, launi ɗaya, kika yi hatimi guda da za ki riƙa bugawa da hannunki, kika daina sayen abin da ake yarwa a minti na farko, za ki ga bambancin ya ragu sosai. Ki kuma gaya wa masu saye dalilinki a taƙaice, domin mutum ya fi yarda ya biya idan ya san abin da ya biya zai zauna.

TAMBAYA: Ɗana zai yi aure a nan Makka, kuma dangin yarinyar sun daɗe a ƙasar nan, suna bin al'adar shabka, wato saitin gwal da ango ke kai wa amarya. Ɗan nawa ya ce ba ya son akwatunan roba, ya fi son a yi na katako ko na fata guda ɗaya. Mahaifiyarsa tana tsoron kada surukai su ce an yi rowa ko an raina su. Ni kuma ina tsakiya. Me kuka gani? (Daga wani mahaifi, Makka)

AMSA: Alhaji, Allah ya sanya alheri, ya ba su zaman lafiya. Tsoron Hajiya yana da tushe, kuma bai kamata a yi watsi da shi ba, domin ita ce za ta zauna cikin mata a ranar da za a buɗe kayan, ita ce kuma za ta ji abin da aka faɗa da wanda aka yi shiru a kansa. Amma ina ganin yaron yana da gaskiya, kuma ana iya biyan bukatar su biyun.

Abin da ke sa a ce an yi rowa shi ne a ga alamar an yi abu da gaggawa ko da ƙyashi. Akwatin katako da kafinta ya goge da kyau, aka raba cikinsa gida-gida daidai da sarƙa da awarwaro da zobe da 'yan kunne, aka shimfiɗa masa yadi mai kyau, aka zana sunan amarya da shekarar aure a murfi, babu mai kallonsa ya ce an raina shi. Kowa zai gane an yi shi ne musamman domin ita, alhali na kanti kowace amarya a unguwar tana da irinsa. Manyan kamfanonin kayan ado na duniya ma ba da tarkace suka yi suna ba: akwatin Tiffany na Amurka kwali ne mai launin shuɗi guda da farin kintinkiri, na Cartier na Faransa kuma ja ne, kuma an san su ne saboda sun tsaya a kan kama ɗaya shekaru masu yawa.

Idan fata aka zaɓa, a nemi wadda aka jeme da bagaruwa irin ta majeman Kano da Sakkwato, a ba baduku ya ɗinka. Jar fatar akuyar Sakkwato ita ce Turawa suka daɗe suna saye ta hanyar Arewacin Afirka suna kiranta fatar Maroko, suna yi wa littattafai masu daraja bango da ita, saboda haka ba abin jin kunya ba ne a kai ta gidan surukai a Makka. Sharaɗi ɗaya shi ne a yi mata shafi na auduga a ciki, kada ƙarfen ya zauna a kan fatar kai tsaye, musamman idan akwai azurfa a kayan.

Ta fuskar addini, Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya ce Allah mai kyau ne kuma yana son kyau, don haka ƙawata kyauta ba laifi ba ne. Abin da Alƙur'ani ya hana, a Suratul A'araf aya ta 31 da Suratul Isra'i aya ta 26 da ta 27, shi ne israfi da almubazzaranci, kuma a fahimtata kashe kuɗi a kan akwatuna biyar da za a zubar bayan mako guda ya fi kusa da wannan fiye da akwati ɗaya mai tsada da za a gada. Ku tuna kuma cewa ranar da amarya za ta bukaci sayar da gwal ɗinta ko musanya shi, mai shago sikeli zai ɗora shi, ya duba hatimin 875 idan karat 21 ne ko 750 idan karat 18 ne, akwatin kuwa ko riyal ɗaya ba zai ƙara ba, ga shi an biya masa harajin kashi 15 cikin ɗari da ake karɓa a kan kayan saye tun watan Yulin 2020. Abin da zai amfane ta a ranar shi ne rasit mai ɗauke da nauyi da karat, saboda haka a sa kafinta ya yi masa ɗan gurbi a ƙarƙashin shimfiɗar.

Shawarata ita ce a bar wa Hajiya zaɓen katako da launin yadi, kuma ta nuna wa wata babba daga dangin amarya kafin ranar. Idan babbar ta yaba tun a ɗaki, ita ce za ta fara yabawa a gaban jama'a.

TAMBAYA: An ba ni kyautar sarƙar azurfa da abin wuya na lu'ulu'u, irin wanda ake cirowa daga cikin katantanwar teku, a cikin wata kyakkyawar jaka ta saƙar Sadu. Na ɗaure su da robar ɗaure kuɗi na ajiye a durowar da nake turara kayana. Da na buɗe bayan 'yan watanni, azurfar ta yi baƙi, lu'ulu'un kuma ya dushe. Ko jabu aka ba ni? (Daga wata mai karatu, Madina)

AMSA: 'Yar'uwa, ki kwantar da hankalinki, kada ki zargi wanda ya yi miki kyauta. Baƙin da azurfa ke yi ba alamar jabu ba ne, azurfar gaske ce ma ke yin sa. Yana faruwa ne idan ta haɗu da sinadarin farar wuta da ke cikin iska ko cikin abin da ta jingina da shi, kuma kin haɗa mata abubuwa biyu masu fitar da shi: robar ɗaure kuɗi, wadda da farar wuta ake ƙarfafa ta, da kuma ulu. Saƙar Sadu, wadda UNESCO ta sa a jerin al'adun gado na Saudiyya da Kuwait a 2020, da gashin tumaki da na awaki da na raƙumi ake yin ta, kuma gashin dabba yana ɗauke da farar wuta. Wannan darasi ne ga duk masu naɗe kyauta: kasancewar abu na gargajiya ne ko daga halitta ya fito ba ya nufin ya dace da kowane ƙarfe. Sadu tana da kyau a waje, amma a ciki sai an sa auduga ko takarda marar asid, kuma ga azurfa gara a ba ta jakarta dabam. Katakon da aka matse da gam da sabon fenti su ma suna fitar da tururin da ke ɓata ƙarfe, shi ya sa ake barin sabon akwati a buɗe ya sha iska kafin a zuba masa kaya. Gwal mai karat 21 bai cika damuwa da wannan ba, amma yana da taushi, kuma dutse mai tauri kamar daiman yana karce shi idan suna gogayya a mazubi ɗaya.

Azurfarki za ta dawo. Ki goge ta da ƙyallen goge azurfa da ake samu a shagunan gwal, ko ki kai wa maƙeri. Idan irin ta Badawiyya ce ko ta Agadas, wadda aka bar baƙi a cikin zanenta da gangan, kada ki tsoma ta a ruwan wanke azurfa, domin zai cinye har baƙin da ke fito da zanen. Bayan haka ki ajiye ta a busasshen wuri, a naɗe cikin auduga.

Lu'ulu'u ya fi ban tausayi. Jikinsa sinadarin alli ne, kuma turare da humra da man udu da gumi duk suna cin sheƙinsa, hayaƙin turaren wuta kuma yana bar masa dauɗa mai maiƙo. Ki goge shi da ƙyalle mai laushi da aka ɗan jiƙa da ruwa zalla, ki shimfiɗa shi ya bushe kafin ki ɗaga, don kada zaren ya miƙe. Idan dauɗa ce kawai zai farfaɗo, idan kuwa fatarsa ta ciwu, ba ta dawowa. Nan gaba ki sa shi bayan kin gama shafa turare, ki cire shi kafin komai, kuma kada ki rufe shi a leda, domin bushewa mai yawa tana sa shi tsagewa.

TAMBAYA: Mai sayar mini da ledoji ya ce nasa masu narkewa ne da kansu, har da tambari a jiki. Shin idan na zuba akwatin kyauta a cikinsu na kuɓuta daga ɓata muhalli? (Daga wani mai shago, Riyad)

AMSA: Malam, tambarin yana iya zama na gaskiya, domin tun 2017 hukumar kula da ingancin kaya ta Saudiyya, SASO, ta fara wajabta wa wasu nau'o'in leda, ciki har da na zuba kaya, su zama irin waɗanda ake sa wa sinadarin da ke sa su farfashe idan zafi da iska suka daɗe a kansu. Bin wannan doka wajibi ne a kanka idan ledar za ka yi amfani da ita. Sai dai masana suna da saɓani a kan ko irin wannan leda tana ƙarewa gaba ɗaya ko kuwa tana rugurgujewa ne ta zama ƙananan ɓarɓashin roba, kuma saboda wannan damuwa Tarayyar Turai ta haramta ta daga watan Yulin 2021. Jakar takarda ma tana cin ruwa da makamashi wajen yin ta, ta auduga kuma sai an yi ta amfani da ita sau da yawa kafin ta biya abin da aka kashe wajen noma da saƙa ta. Tun da akwatin zobe ko na 'yan kunne yana shiga aljihu ko jakar hannu, ka riƙa tambayar mai saye ko yana bukatar jaka kafin ka miƙa, ka tanadi ta takarda marar leda mai hannun igiya domin manyan saiti kawai.